Gasar Harbin Fenti: Kowane Harbi da Kuɗinsa

Katan ɗaya na harsashin fenti guda 2,000 ne a cikinsa. Bindigar da ake shiga manyan gasannin Amurka da ita, doka ta yarje mata ta furzar da kimanin guda goma a sakan ɗaya. Ke nan wanda ya ɗora yatsa bai ɗaga ba, cikin minti uku da sakan ashirin ya ga ƙasan katan. Kuɗin katan kuwa, gwargwadon kyawun kayan da inda aka saya, yakan kama daga dala arba'in zuwa wajen tamanin. Ba a tsintar harsashi a sake ɗurawa. Wanda ya fashe ya tafi ke nan, wanda bai fashe ba kuma ya sha ƙasa da raɓa ya kumbura, in aka mayar da shi sai ya shaƙe bindigar.

Wasan da Turawa ke kira paintball ke nan, wanda wasu masu karatu wataƙila sun gani a wuraren shaƙatawa na Abuja ko Legas. Ana raba mutane gida biyu, kowa ya rufe fuskarsa da kariya mai gilashi, ya riƙe bindiga mai aiki da iska. Harsashin bai wuce girman magarya ba, nauyinsa kimanin giram uku, ɓawonsa na jalatin ne irin na kafson magani, cikinsa ruwa mai launi da ke fita da wanki. Wanda harsashi ya fashe a jikinsa ko a bindigarsa ya fita daga fili. Miliyoyin mutane na yin wannan don nishaɗi, sau ɗaya ko biyu a shekara, ranar bikin haihuwa ko fitar ma'aikatan ofis. Amma masu tsallakawa daga nishaɗi su shiga gasa ta gaske 'yan ƙalilan ne, kuma cikin waɗanda suka shiga ɗin, da yawa ba sa daɗewa. Dalilan suna da yawa, sai dai in aka bi saiwarsu, akasari wuri ɗaya suke komawa: a wannan wasa ɗan wasa shi ne kwastoma, shi ke biyan kowa.

Asalin abin ma ba don wasa aka ƙera shi ba. Kamfanin fenti na Nelson ne ya fito da bindigar don ma'aikatan gandun daji su riƙa sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. A watan Yunin 1981, a garin Henniker na jihar New Hampshire, wasu abokai uku, Charles Gaines da Hayes Noel da Bob Gurnsey, suka tara mutum goma sha biyu a daji da waɗannan bindigogi, don raba wata gardama da suka daɗe suna yi: tsakanin ɗan birni mai wayo da mutumin daji, wa zai fi iya kuɓutar da kansa? Wani ma'aikacin gandun daji, Ritchie White, shi ya ci, kuma bai yi harbi ko ɗaya ba; saɗaɗawa ya yi ta yi har ya tattara duka tutocin da aka ce a tara. Zuwa 1983 an yi gasar ƙasa ta farko, wata ƙungiya daga Kanada ta ɗauke kofin.

Daga wancan wasa na laɓe-laɓe a daji zuwa gasar yau akwai tazara mai nisa. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara fito da wasan fili, aka shimfiɗa shi a kan ciyawa, aka jera maɓoyan roba da ake hura wa iska, aka ajiye kakin soja aka sa riguna masu ƙyalli. Filin gasa a yau tsawonsa ƙafa 150 ne, faɗinsa 120, mutum biyar-biyar a kowane gefe. A daidai wannan lokaci ne bindigogi masu aiki da batir suka fito, irin su Shocker da Angel, waɗanda ɗan taɓi kaɗan ke sa su ɓarin wuta. A 2002 kuma aka ƙirƙiro tsarin X-Ball, inda maimakon karo ɗaya a tashi, sai a yi ta maimaitawa ana tara maki cikin ƙayyadadden lokaci. Tsarin ya ƙara wa wasan armashi, ya kuma ninka fentin da ake ƙonawa.

Mai kallo daga waje zai ɗauka ɓarna ce kawai, ko rashin iya saiti. Ba haka ba ne. Yawancin harsashin da ake harbawa a gasa ba wani mutum aka nufa da shi ba. Hanya ake tarewa. Da an busa, 'yan baya sukan zuba ruwan fenti a tsakanin maɓoya biyu, don duk wanda ya ce zai ruga ta nan ya faɗa ciki. Daga nan kuma su ci gaba da zuba wa maɓoyar abokin hamayya don kada ya ɗago kai, nasu 'yan gaban su samu su matsa. Wanda ya tsaya tsimin harsashi ya buɗe wa abokan gaba ƙofa. Shi ya sa ɗan baya ke shiga fili da kusan guda 200 a mazubin da ke saman bindigarsa, ga gwangwanayen roba jere a ƙugunsa, kowane da guda 140, kuma ba abin mamaki ba ne ya juye su duka kafin a ci maki ɗaya.

Mutane sukan fara tsorata da kuɗin kaya, kuma ba su yi laifi ba. Bindigar ƙwararru ta kamfanoni irin su Planet Eclipse na Manchesta ko Dye na San Diego takan haura dala 1,500. Ga tukunyar iska, ga mazubi mai injin da ke tura harsashi, ga kariyar fuska, ga matasan gwiwa da na hannu don zamiya a ƙasa. Tukunyar ma tana da wa'adi: ana kai ta gwaji duk bayan shekara biyar, yawancinsu kuma in sun shekara goma sha biyar an gama da su. Sai dai wannan duk ciwon rana ɗaya ne. Akwai na hannu, akwai matsakaitan bindigogi da ba su kai rabin wancan kuɗi ba kuma suna harbi daidai da abin da doka ta yarda. Yaro mai naci zai iya tara kuɗin kaya cikin shekara guda. Abin da ba ya taruwa shi ne kuɗin atisaye.

A nan ne wasan ya sha bamban da kusan kowane wasa. Yaron da ya sayi ƙwallon ƙafa zai buga ta sau dubu goma, bugu na ƙarshe bai ci masa ko kwabo fiye da na farko ba. Gwanintarsa ta dogara ga lokacinsa da nacinsa. Mai harbin fenti kuwa duk lokacin da ya ja kunama, kuɗi ne ya fita. A ƙaddara katan ɗaya kawai yake ƙonawa duk ƙarshen mako, a kan dala hamsin: a shekara dala 2,600 ke nan, ban da kuɗin shiga fili da man mota, kuma masu neman kofi da gaske sukan wuce katan ɗaya a yini. Akwai atisayen da ba ya cin fenti, kamar gudu da zamiya da koyon riƙe bindiga da hannun hagu, amma sanin inda harsashi zai sauka daga ƙafa ɗari, ko leƙowa a harba a koma cikin ƙiftawar ido, sai an harba ake iyawa. Saboda haka in aka ga ƙungiyoyi biyu a fili, ɗaya ta fi ɗaya, sau da yawa abin da ake gani shi ne bambancin katan nawa kowace ta iya saye a watannin baya.

Kada kuma a ɗauka masu filayen wasa azzalumai ne. Mai fili yana biyan haya ko harajin ƙasa, yana biyan inshora mai tsada saboda hatsarin ido, yana biyan alkalan wasa, ga raga mai tsawo da ke kewaye fili, ga injin matsa iska. Kuɗin shiga ba ya ɗaukar wannan, ribar fenti ce ke ɗauka. Shi ya sa filaye da yawa ba sa yarda ka zo da naka harsashin, sai ka saya a wurinsu, haka kuma a manyan gasanni sai daga dillalan da aka amince wa. Ga wani abin kuma: ga mai fili, 'yan gasa ba su ne kwastomomin kirki ba. Suna zuwa da kayansu, suna neman ragi, suna son fili na musamman. Yara goma sha biyar da suka zo bikin haihuwa, suka yi hayar komai, suka sayi fenti a farashin kanti, sun fi su kawo riba. Filaye da yawa saboda haka ba sa ma wahalar da kansu da ajiye filin gasa, sai matashi ya iske cewa wuri mafi kusa da zai yi atisaye irin na gasa tafiyar awa biyu ce ko uku.

Ba kowane fili ne ma zai yi ba. Kafin yawancin manyan gasanni masu shiryawa kan fitar da taswirar yadda za a jera maɓoyan, ƙungiyoyi su je su jera nasu haka, su yi ta maimaitawa har su haddace kowace kusurwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ta fara ganin jerin ranar gasa ta zo rakiya ne. Ke nan ana buƙatar filin da ke da maɓoyan zamani, da wata ƙungiyar da za a kara da ita, da mutum biyar ko bakwai da za su bar iyali da aiki ranar Asabar da Lahadi, mako bayan mako. Wannan na ƙarshe ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda ake zato. Ɗaya ya yi aure, ɗaya ya tafi jami'a, ɗaya an canja masa wurin aiki, shi ke nan sauran sun zauna.

Babbar gasar Amurka a yau ita ce NXL, wadda ta gaji gasar PSP a 2015. Takan yi zagaye kamar biyar a shekara a jihohi daban-daban, ta rufe da Kofin Duniya a Kissimmee ta jihar Florida, inda ɗaruruwan ƙungiyoyi ke haɗuwa. Kuɗin rajistar ƙungiya, ko a ƙananan azuzuwa, yakan haura dala dubu. Sai jirgi, da otal, da hayar mota, da hutun aiki tunda tun kafin ƙarshen mako ake farawa. Tukunyar iska ba ta shiga jirgi sai an juye ta, an kwance kanta don jami'an tsaro su leƙa ciki. A tsarin X-Ball kuma hutun da ke tsakanin maki da maki gajere ne, dole a zo da masu taimako da za su riƙa cika gwangwanaye, suna goge wa 'yan wasa fenti, suna ɗura iska. Bayan wannan duka, ƙungiya na iya buga wasa huɗu a zagayen farko a fitar da ita, ta kama hanyar gida.

To ina kuɗin 'yan kallo? Nan ne gizo ke saƙa. A ƙwallon ƙafa, mai kallo da gidan talabijin da mai talla su ke biya, kuɗin ya gangaro har kan 'yan wasa. Harbin fenti ya nemi wannan hanya ido rufe. Tashar ESPN ta nuna shi a tsakiyar shekarun 1990, ta sake nunawa a tsakiyar shekarun 2000. Ƙungiyar shirya gasanni ta NPPL ta kai gasa bakin teku a Huntington Beach ta Kalifoniya don jama'a su gani. Abin bai zauna ba, kuma dalilin a jikin wasan yake. Harsashi na tafiyar ƙafa 300 a sakan, wajen mita casa'in, kyamara ba ta kama shi. Babu ƙwallo ɗaya da ido zai bi. Mutum goma ne ke harbi lokaci guda, kowa a laɓe, fuska a rufe. Wanda bai taɓa bugawa ba sai dai ya ga mutane na ɗaga hannu suna fita, bai san abin da ya faru ba. A yau ta intanet ake nuna gasannin, kuma masu biya su kalla akasarinsu 'yan wasan ne da danginsu.

Da babu kuɗin waje, sai nauyin ya koma kan na ciki. Rajistar ƙananan azuzuwa da fentin da suke saye su ke riƙe da taron. Ƙwararrun da ake gani a sama, yawancinsu suna da wata sana'ar, ko suna koyarwa, ko suna aiki da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu; kyautar kofi in an raba ta tsakanin 'yan ƙungiya ba ta taka kara ta karya ba. Ƙungiyoyin da suka yi fice kuwa, in ka duba bayan da yawa daga cikinsu za ka ga attajiri. Russian Legion ta Masko, wadda ta girgiza Amurkawa a shekarun 2000 da horo irin na 'yan wasan Olamfik, wani mai banki ne, Sergey Leontiev, ya kafa ta ya riƙe ta. Edmonton Impact ta Kanada da Houston Heat ta Texas, kowace hamshaƙin ɗan kasuwa ne ya tsaya mata, kuma 'ya'yan masu su sun buga a cikinsu. San Diego Dynasty, wadda ta fi kowace ƙungiya tara kofuna tun kafa ta a 2001, ita ce aka fi kafa misali da ita cewa yara abokan juna na iya tasowa tare su kai ƙololuwa. Gaskiya ne, amma sun taso ne a lokacin da kamfanoni ke rabon kaya da fenti hannu sake.

Wancan lokaci ya wuce. A farkon shekarun 2000 wasan na bunƙasa, kamfanoni na rige-rigen fito da bindigar da ta fi sauri, har da masu na'urar da ke ƙara harbi fiye da yadda yatsa ya ja. Masu sayar da fenti sun ji daɗi. Amma ɗan shekara goma sha uku da ya zo fili karon farko da bindigar haya, ya gamu da mai zuba masa goma sha biyar a sakan, ya koma gida da jiki duk shaida, da wuya ya sake dawowa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kamfanin da ke riƙe da NPPL ya durƙushe a ƙarshen shekarar, Smart Parts, ɗaya daga manyan masu ƙera bindigogi, ya bi sahu a 2010. Ƙididdigar masana'antar wasanni ta Amurka ta nuna masu buga wasan sun sauko daga wajen miliyan biyar da rabi a 2007 zuwa ƙasa da miliyan huɗu cikin 'yan shekaru.

Halin 'yan gasar kansu ma ya taimaka wajen korar baƙi, ko da ba sa son a faɗa. Akwai masu goge fenti a ɓoye su ci gaba da wasa, abin da ke sa alkali ya fitar da mai laifi ya haɗa da ɗaya ko biyu daga abokansa. Akwai masu ƙara wa wanda ya riga ya fita harbi don mugunta. Akwai kuma tsofaffin hannu da ke saukowa ƙaramin aji don su kwashe kyauta. Saboda su ne aka kafa rajistar APPA, wadda ta riƙa bin tarihin kowane ɗan wasa tana ba shi matsayi. Rajistar ta rage abin, amma sabon shiga har yanzu yakan iske cewa ajin da aka ce na masu koyo ne cike yake da waɗanda suka shekara uku suna atisaye. Mata kuwa, duk da cewa doka ba ta hana su buga wa kowace ƙungiya ba, sai a 'yan shekarun nan NXL ta buɗe musu gasar ƙwararru tasu.

A wajen Amurka akwai ƙarin shinge, na hukuma, domin abin dai siffar bindiga gare shi. A Jamus sai ɗan shekara 18 ke bugawa, kuma an ƙayyade ƙarfin bindigar ƙasa da na sauran ƙasashe, wajen ƙafa 214 a sakan. Ke nan Bajamushe yana fara wasan ne a shekarun da takwaransa na Amurka, wanda filaye da yawa ke karɓa tun yana ɗan shekara goma, ya riga ya goge. A 2009, bayan wani matashi ya kashe mutum 15 a harin da ya fara daga wata makaranta a Winnenden, gwamnatin ƙasar ta kawo shawarar hana wasan ɗungurungum, sai da aka yi ca sannan ta janye. Jihar New South Wales ta Ostareliya sai da dokar 2018 ta sauko da shekarun daga 16 zuwa 12. Maleshiya, wadda ta sha karɓar babbar gasar Asiya a tsibirin Langkawi, tana sa bindigar fenti ƙarƙashin dokar makamai, sai da izinin 'yan sanda. Ƙasar da ba ta ƙera harsashin kuma sai ta shigo da shi da dala, ga shi kaya ne mai laulayi: zafi na sa shi laushi, danshi na kumbura shi, sanyi na sa shi fashewa tun a cikin bindiga.

An gwada magunguna. An sauko da saurin harbi daga goma sha biyar zuwa wajen goma. An fito da ƙaramin harsashi mara zafi sosai, wanda ya karɓu wajen yara da 'yan nishaɗi amma bai shiga manyan gasanni ba. An farfaɗo da gasannin bindigogi marasa batir, irin Iron City Classic ta yankin Pittsburgh, suka jawo tsofaffin 'yan wasa da yawa da suka riga suka ajiye kaya. Gasar Millennium ta Turai kuma, kafin ta kau, ta gwada ƙayyade wa kowane ɗan wasa harsashi 500 a kowane maki. A ganina wannan ne kaɗai ya taɓa ciwon a inda yake, domin yana sa dabara ta fi aljihu nauyi, yana kuma ba ƙungiya damar sanin abin da za ta kashe tun kafin ta bar gida. Sai dai ko shi bai taɓa kuɗin atisaye ba sai kaɗan, kuma wanda za a roƙa ya rage shan fenti shi ne mai ɗaukar nauyin gasar, wanda da sayar da fentin yake ci.

Ba kuma wai masu sayarwar sun yi kuɗi ba ne. GI Sportz na Kanada, wanda ya zama babban mai yin harsashin fenti a duniya bayan ya haɗiye kamfanonin Tippmann da Empire, bashi ya ci ƙarfinsa a watan Oktoban 2020, kotu ta miƙa shi ga masu kula da kadara, aka sayar da shi, ya dawo kasuwa da sunan Kore Outdoor.